Tutocin Garuruwan Japan: Ko Wane Tsuntsu Kukan Gidansu Ya Ke Yi

Yau muna so mu kai masu karatu can gabas mai nisa, ƙasar Japan, don mu duba wata al'ada tasu wadda ba a cika ba da labarinta ba. Galibin waɗanda suka yi karatu sun san tutar ƙasar, watau farin ƙyalle da jan da'ira a tsakiya, kamannin rana lokacin fitowarta. Amma kaɗan ne suka san cewa bayan wannan babbar tuta akwai waɗansu fiye da dubu ɗaya da ɗari bakwai, domin kusan ko wane birni da gari da ƙauye da ke da majalisa tasa yana da tambarinsa da tutarsa. Wanda ya iya karanta waɗannan tambura zai sami tarihin ƙasar a cikinsu, da labarin yadda a ke mulkin talakawanta, har da damuwar da ke ci wa mutanen karkararta tuwo a ƙwarya a yau.

YADDA AKA RABA ƘASAR

Kafin mu shiga batun tuta, ya kamata mu fara bayyana yadda tsarin mulkin ya ke. An raba Japan lardi 47, ko wanne da gwamnansa wanda jama'a su ke zaɓa. A ƙarƙashin lardunan akwai ƙananan hukumomi 1,718, watau birane 792, da garuruwa 743, da ƙauyuka 183. Ban da waɗannan akwai manyan unguwanni 23 na cikin Tokyo, waɗanda ko wace tana da shugabanta da majalisarta kamar birni. Bisa dokar mulkin kai ta ƙananan hukumomi, wadda ta fara aiki a 1947, wuri ba ya zama birni sai mutanensa sun kai 50,000, ko da ya ke an sassauta wannan sharaɗi a waɗansu lokatai.

Girman hukumomin nan ya bambanta ƙwarai. Yokohama tana da mutum fiye da miliyan uku da rabi, ƙauyen Aogashima kuwa, wani ɗan tsibiri ne a tsakiyar teku, mutanensa ba su kai 200 ba. Duk da haka ko wannensu yana da magajinsa da majalisarsa da akawunansa, su ne ke rubuta haihuwa da mutuwa da aure, su karɓi haraji, su lura da makarantun elementare, da ruwan sha, da kwasar shara. Ko wace hukuma ita ke zaɓar wa kanta tambari. A kan buga shi a kan takardun ofis da ambulan, a kafa shi bisa ƙofar majalisa, a zana shi jikin motocin hukuma, ma'aikata kuma su maƙala ɗan ƙaraminsa na ƙarfe a wuyan kwat. Tutar kuwa galibi ba ta wuce ƙyalle mai launi ɗaya da tambarin a tsakiya.

ASALIN AL'ADAR

Abin ya samo asali tun da daɗewa. Kusan shekara dubu da suka wuce, lokacin da fadar Sarkin Japan ta ke a Kyoto, fadawa da 'ya'yan sarauta su kan zana wata alama a jikin keken shanun da su ke hawa, don a san na wane ne tun daga nesa. Da mulki ya koma hannun mayaƙa, watau waɗanda a ke kira samurai, sai alamun suka hau tutocin yaƙi, domin a cikin ƙura da hayaniya barde ya san nasa ya san abokin gaba. Sunan irin wannan alama da harshensu mon ko kamon, ma'ana shaidar gida. Daga baya fatake da masu sana'a da manoma su ma suka ɗauka, har ya zama ana ɗinka ta a rigar biki, ana sassaƙa ta a dutsen kabari.

Shaidar gidan Sarki ita ce furen da su ke kira kiku mai ganye goma sha shida, kuma irinsa ne ke bisa bangon fasfo ɗin ƙasar har yau. Gidan Tokugawa, waɗanda suka riƙe ragamar mulki daga 1603 zuwa 1867, shaidarsu ganye uku ne na wani tsiro cikin da'ira. Ƙa'idar zanen kamon ita ce a taƙaita abu har ya zama ana iya gane shi da launi ɗaya tak, ko an ƙanƙanta shi kamar kwabo. Wannan ƙa'ida ce magadan gari suka gada.

A 1868 mulki ya koma hannun Sarki Meiji, a 1871 kuma aka rushe ƙasashen sarakunan gargajiya aka mai da su larduna. A 1889 aka kafa tsarin birane da garuruwa da ƙauyuka irin na zamani. Sababbin hukumomin nan suka ga suna bukatar shaida kamar yadda gidajen sarauta su ke da ita, sai suka fara zaɓa ɗaya bayan ɗaya. Birnin Tokyo ya zaɓi nasa tambarin a wannan shekara ta 1889: rana ce mai tsirkiya shida. Shi ne aka sa fari a kan shunayya aka yi tutar Tokyo a ranar 1 ga Oktoba 1964, kwana tara kafin a buɗe wasannin Olimfik a birnin.

WAƊANDA SUKA GAJI IYAYEN GIJINSU

In muka duba tamburan nan za mu ga sun kasu kashi uku. Kashi na farko su ne na biranen da suka riƙe shaidar sarakunansu na da. Nagoya ta ɗauki nata a 1907, watau lamba takwas a cikin da'ira, alama ce da reshen gidan Tokugawa mai mulkin Owari ya ke sa wa kayansa. Lamba takwas a rubutunsu layi biyu ne da suka kusanci juna a sama suka buɗe a ƙasa, kamar jinkar ɗaki, saboda haka su ke ɗaukarta alamar arziki mai yalwata. Kanazawa tun 1891 ta zana furen itacen ume na gidan Maeda, ta sa harafin farko na sunanta a ciki, harafin da ke nufin zinariya. Kagoshima a 1926 ta ɗauki gicciye cikin da'ira na gidan Shimazu, waɗanda suka yi wajen shekara 700 suna mulkin kudancin tsibirin Kyushu, ta gama shi da harafin da ke nufin birni. Sendai kuwa a 1933 ta gyara layuka uku na gidan Date, zuriyar Date Masamune wanda ya kafa birnin, har suka yi kama da harafin farko na sunanta.

Akwai ɗaya da ke firgita baƙi. Tambarin birnin Hirosaki, can arewacin tsibirin Honshu inda a ke noman tuffa, gicciye ne mai lanƙwasassun hannuwa, wanda Bature in ya gani sai ya tuna da jam'iyyar Hitila ta Jamus. Alhali kuwa birnin ya ɗauke shi a 1900 daga gidan Tsugaru, shekara ashirin kafin jam'iyyar nan ta sa irinsa a tutarta. Tsohuwar alama ce ta addinin Buda, suna kiranta manji, kuma da ita a ke nuna ɗakunan ibadarsu a taswirar ƙasar. Mutanen Hirosaki ba su sauya ta ba.

WASA DA HARUFFA

Kashi na biyu ya fi ban sha'awa ga malamai, don wasa ne da rubutu. Mutanen Japan suna rubutu da hanya uku a gauraye. Akwai kanji, haruffan da suka aro daga Sin, ko wanne da ma'anarsa. Sa'an nan akwai hiragana da katakana, ko wace da haruffa 46, ko wane harafi kuwa gaɓa guda ce, kamar ka ko ma ko fu. Mai zane ya kan ɗauki harafi ɗaya ko biyu daga sunan gari, ya tanƙwara shi, ya miƙar, ya naɗe, har ya zama da'ira ko tauraro ko tsuntsu, amma ɗan gari in ya ƙura ido zai karanta sunan garinsu a ciki.

Yokohama ta yi haka a 1909, sa'ad da ta ke bikin cika shekara 50 da buɗe tashar jiragen ruwanta. Aka sa gasa, aka zaɓi zanen da ya ɗora ha a kan ma, watau Hama, yadda 'yan birnin ke taƙaita sunansa. Naha, babban birnin Okinawa, ta naɗe na da ha cikin da'ira a 1921.

Waɗansu suka ƙara da kacici-kacici. Da harshensu lamba tara ana ce da ita ku. To, sai birnin Fukuoka a 1909 ya jera harafin fu har guda tara ya haɗa su wuri ɗaya. Fu tara, watau fu-ku, farkon sunan birnin ke nan. Kurume, wadda ke lardi ɗaya da Fukuoka, ta wuce nan a 1911: ta kewaye harafin shinkafa da harafin ru guda tara. Tara ita ce ku, ga ru, harafin shinkafa kuwa a sunan birnin ana karanta shi me. Ku-ru-me ya cika. Yaron da aka warware wa wannan a aji ba ya mance tambarin garinsu har ya tsufa.

RUWA DA ƘANƘARA DA TAURARI

Kashi na uku su ne masu nuna yanayin wuri ko sana'arsa. Osaka birnin fatake ne da aka gina a bakin kogi, inda yashi ke tare hanyar jirage. Tun zamanin da a kan kafa dogayen itatuwa cikin ruwa don nuna wa matuƙa inda zurfi ya ke, sunansu miotsukushi. Da birnin ya zo zaɓen tambari a 1894, sai ya ɗauki wannan turke, domin ta hanyar ruwa arzikinsa ya zo.

A 1858 Japan ta yi yarjejeniya da Amurka da waɗansu ƙasashen Turai cewa za ta buɗe tasha biyar ga jiragen baƙi, bayan ta yi fiye da shekara 200 ƙofarta kusan a rufe. Niigata na cikin biyar ɗin, don haka tambarinta na 1908 ya ƙunshi ƙarfen tsai da jirgi, da lamba biyar, da zoben dusar ƙanƙara, saboda yawan zubarta a yankin. Sapporo, babban birnin tsibirin Hokkaido, ta zana nata a 1911 da kusurwa shida irin na ƙwayar ƙanƙara, da tauraron arewa a tsakiya. Kyoto kuwa a 1960 ta koma can tushe, ta kewaye harafin sunanta da ƙafar keken shanun fadawa, irin wanda aka fara zana kamon a jikinsa.

Na Hiroshima ya cancanci mu dakata a kansa. A 1896 birnin ya ɗauki layuka uku na tutar sarakunan yankin, ya karkaɗa su kamar igiyar ruwa, domin a tsakanin rassan kogin Ota aka gina shi. Ranar 6 ga Agusta 1945 bam ɗin atom ya faɗa masa, kafin ƙarshen shekarar an ƙiyasta mutum wajen 140,000 sun halaka. Da aka sake gina birnin daga toka, waɗannan layuka uku su ne aka mayar bisa ƙofar majalisa, suna nan har yanzu.

TUTAR DA AKA SAUKE

Yanzu mun zo ga abin da ya sa muka ɗauko wannan magana. Tuta ba ta rayuwa sai hukumar da ta ke wakilta tana raye, hukumomin Japan kuwa sau uku gwamnati tana tattara su tana haɗewa. A 1888 akwai garuruwa da ƙauyuka 71,314. Gwamnati ta ga ƙauye mai gida talatin ba zai iya riƙe makarantar elementare da littafin haraji ba, sai ta nemi ko wace hukuma ta tara gida 300 zuwa 500. Kafin ƙarshen 1889 sun koma 15,859. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka ɗora wa hukumomin nauyin makarantun midil, aka lissafa sai da mutum wajen 8,000 za a iya riƙe ɗaya, sai aka yi dokar haɗewa ta 1953. Hukumomi 9,868 suka koma 3,472 a 1961.

Karo na uku ya fara a 1999, dalilinsa kuwa ƙarancin kuɗi da tsufan jama'a. Gwamnati ta yi wa masu yarda su haɗe alkawarin rance na musamman don gine-gine, wanda baitulmalin ƙasa zai ɗauki kashi 70 cikin 100 na biyansa. Daga 3,232 a watan Maris 1999 suka sauko zuwa 1,727 a watan Maris 2010. Ƙauyuka ne abin ya fi shafa: da 568 ne, yau saura 183. Birnin Takayama ya haɗiye maƙwabtansa tara a 2005, har faɗin ƙasarsa ya kai kusan na lardin Tokyo duka.

Ranar da za a rufe hukuma a kan yi taro. Magajin gari ya yi jawabi, 'yan makaranta su rera waƙar garin, sa'an nan a sauke tuta a hankali, a ninke, a miƙa ta a ajiye. Wanshekare tsohon ofis ya zama reshe, akawunan da su ke nan a rarraba su, wanda ke da babban al'amari kuwa wani lokaci sai ya hau mota ya ƙetare duwatsu zuwa sabuwar hedkwata. Masu goyon bayan haɗewa suna da hujja, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ƙauyen da matasansa suka watse ba shi da masu biyan harajin da zai riƙe asibiti da motar kashe gobara. Masu ƙi su ma suna da tasu: in majalisa ta yi nisa, kukan na gefe ba ya isa kunnenta.

Garin Yamatsuri na lardin Fukushima ya zaɓi ƙi. A watan Oktoba 2001 majalisarsa ta yi shela a fili cewa ba za su haɗe da kowa ba, suka ɗaura ɗamarar tsimi don su iya riƙe kansu. Da suka so laburare ba su da kuɗin littattafai, sai suka roƙi jama'ar ƙasa ko wa ya aiko da wanda ya gama karantawa. Aka aiko musu fiye da 400,000, suka buɗe ɗakin karatun a 2007. Tutarsu tana nan bisa sandarta.

SABON GARI, SABON TAMBARI

Inda aka haɗe aka kafa sabuwar hukuma, dole a nemi sabuwar shaida, nan ma sai an yi hattara, don in aka ɗauki ta ɗaya daga cikin tsofaffin, sauran za su ce an ci su da yaƙi. Ga yadda a kan yi: a yi shelar gasa ga kowa da kowa, zane-zane su taru, kwamiti ya tace, a bincika kada wanda aka zaɓa ya yi kama da tambarin wani kamfani ko wani gari, wani lokaci a ba mazauna dama su jefa ƙuri'a. Daga nan hukuma ta fitar da sanarwa tare da awon ko wane layi da ko wace kusurwa, yadda mai ɗinki da maƙeri da mai ɗab'i za su fitar da abu iri ɗaya.

Kitakyushu ta nuna yadda a ke raba gardama. A 1963 birane biyar, Moji da Kokura da Wakamatsu da Yahata da Tobata, suka zama ɗaya. Aka zana fure mai ganye biyar daidai wa daida, ba babba ba ƙarami, tsakiyarsa kuma ta ba da siffar harafin da ke nufin arewa, farkon sunan sabon birnin. Saitama kuwa, da aka kafa a 2001 daga Urawa da Omiya da Yono, sai ta ɗauki harafin S na boko. Da yawa daga cikin sababbin hukumomin wannan zamani sun bi irin wannan hanya: harafin boko, da shuɗi don ruwa, da kore don daji, da jan ɗigo don rana. Masu sha'awar tuta suna kukan cewa sun yi kama da juna har ba a rarrabewa. A ganinmu kukan yana da tushe, domin amfanin shaida shi ne a gane mai ita, kuma turken Osaka ko ru tara na Kurume ba za su dace da wani gari dabam ba ko an so.

Tsofaffin tamburan ba su ɓace ɗungum ba. Hukumomin Japan su kan zuba tambarinsu a jikin murfin ƙarfe na magudanar ruwa da ke kan titi, ƙarfe kuwa ya fi takarda jimiri. Saboda haka mai tafiya a ƙasa a karkara ya kan taka shaidar ƙauyen da aka shafe sunansa daga taswira shekaru ashirin da suka wuce, dattijon wurin kuma ya nuna wa jikansa da sanda.

ABIN DA KE GABA

Yawan mutanen Japan ya kai ƙololuwa a 2008, wajen miliyan 128, tun daga nan ya ke raguwa. A 2014 wani kwamitin masana a ƙarƙashin Masuda Hiroya, tsohon ministan harkokin cikin gida, ya lissafa hukumomi 896 waɗanda mata masu shekara 20 zuwa 39 za su ragu da rabi ko fiye a cikinsu kafin 2040, ya ce suna cikin haɗarin shuɗewa. Da aka sake irin wannan lissafi a 2024, aka sami 744 kafin 2050. Ko wace ɗaya daga cikinsu tana da tuta, da makaranta, da littafin da aka rubuta sunayen kakanni.

Muna roƙon malamai, in sun zo darasin labarin ƙasa, su zana wa yara biyu ko uku daga cikin tamburan nan a allo, su bar su su warware da kansu, sa'an nan su tambaye su abin da za su zana da an ce su yi wa garinsu shaida da launi ɗaya. Amsar da yaro zai bayar za ta nuna iyakar abin da ya sani game da garin da aka haife shi. Akawu kuma da ke buga hatimi a takarda sau ɗari a yini, ya ɗan dakata wata rana ya dubi abin da ke jikin hatimin, ya binciki wanda ya zana shi da dalilin da ya sa.